Gurbi na Bakwai

A wajen Auta, mutum gurbi bakwai ne, kuma ba da raini take faɗin haka ba, aikinta ke nan. Kamfanin da take yi wa aiki ɗaki biyu ne kacal a saman wani kantin sayar da fanka, inda mutum huɗu ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna rubuta wa 'yan kasuwa abin nan da ake kira bot. Su a ofis ɗan aike suke ce masa, don abin da yake yi ke nan: yana zaune a cikin manhajar hira, ka rubuta masa ya amsa, ba ya ci, ba ya sha, ba ya neman hutun ƙarshen mako. Sai dai kafin ɗan aike ya iya magana da kowa, dole a koya masa abin da ake nufi da mutum, kuma Auta ce ke wannan koyarwar. Kati ta zana ta raba shi gurbi-gurbi: lamba, suna, laƙabi, harshe, hoto, da lokacin da aka ga mutum na ƙarshe. Gurbi na bakwai tambaya ce: mutum ne? Amsarta eh ko a'a. Duk wanda ya rubuto, mai digiri ne ko mai tura baro, a wannan katin zai kwanta, kuma har yau ba a samu wanda ya yi ƙorafin wurin ya matse shi ba.

Yayanta ne ya koya mata sana'ar tun tana sakandare, a kan wata tsohuwar kwamfuta da harafi ɗaya ya ɓalle mata, sai an danna da kan biro. Yaya mutum ne mai kai, amma mai garaje. Zai gina maka abu a wuni ɗaya ya yi aiki kamar tsafi, sai ka leƙa ƙasa ka tarar ya manta ƙusa biyu. Shi gurbi na bakwai dariya yake ba shi. "Ɓata wuri ne kawai," in ji shi. "Wanda ya yi maka sallama ai sai ka amsa, ina ruwanka da abin da aka yi shi da shi?" Abu ɗaya ne bai taɓa mantawa ba. Duk manhajar da ya rubuta sai ya bar mata kalmar da za a faɗa mata ta tsaya, kuma kalmar ba ta canzawa: "An tashi." Abin da suke kurma ihu da shi ke nan suna yara in an kaɗa ƙararrawar tashi daga makaranta. Auta ta gaji kalmar, sai dai ta juya ta. Ita nata 'yan aiken su ne ke faɗa da bakinsu: in ta kunna su ce "An shiga," in ta kashe su ce "An tashi." Dogo, abokin aikinta da ke kujerar dama, ya sha tsokanarta cewa firamare ta buɗe musu a ofis.

Shekara uku ke nan da Yaya ya bar ƙasar. Aikin shimfiɗa wayoyin intanet ya samu a can wata uwa duniya, yau yana nan gobe yana can, wannan kamfani ya ba wancan aronsa, har suka daina ƙoƙarin riƙe sunan garin da yake. Abin da ya riƙe su shi ne zauren hira na mutum uku da ya buɗe kafin ya tafi: shi, Auta, da Innarsu. Kowace safiya, tsakanin shida da rabi da bakwai, saƙonsa zai shigo. Ya tambayi Inna yadda ta kwana, ya tambayi gwiwarta, ya ce a gaishe masa da wane da wane. Inna ba ta karyawa sai ta gani. Da yatsa ɗaya take amsawa, tabarau a kan hanci, tana iya shafe minti goma a kan layi biyu. Murya kam an kwana biyu ba a ji ba. Kullum layi ba kyau, kullum aiki ya yi yawa. Auta ta yi mita, ta yi fushi, daga baya ta bar shi da halinsa. In ya yi gaisuwa ta tura masa hoton babban yatsa, ta ci gaba da neman ɗayan takalminta.

A wannan makon aikin wani kantin magani ne a hannunta, ɗan aiken da zai riƙa tuna wa masu hawan jini ranar karɓar magani. Mai kantin ya yi kukan cewa masu talla sun ishe shi: sai su ɓoye inji a cikin asusun mutum, manhajar hira ta rantse mutum ne, alhali inji ne ke zuba saƙo. Don haka Auta ta ƙara nata binciken. Ta sa ɗan aike ya riƙa lura da lokacin da saƙo ya shigo har zuwa sakan, da yawan maimaita magana. In manhajar ta ce mutum ne, binciken ma ya yarda, a rubuta eh. In suka saɓa, a bar gurbin babu komai sai ɗan Adam ya duba da idonsa.

Ran Litinin ta rasa inda za ta gwada, sai ta jefa ɗan aiken cikin zauren hirar gidansu, ta ba shi izinin karanta tsofaffin saƙonni. Ya ce, "An shiga." Inna ta amsa masa, "Sannu da zuwa, ɗan gidan waye?" Auta ta yi dariya har Dogo ya leƙo, sannan wani aikin ya taso ta manta da shi.

Sai ran Alhamis da hantsi ta buɗe sakamakon. Kati uku ne a kan allon. Na Inna ya cika tsaf, mutum ce. Nata ma haka, duk da hoton babban yatsan da take ta maimaitawa. Na Yaya gurbi shida sun cika, ga hotonsa yana dariya cikin hular kwano ta 'yan aiki, ga "an gan shi yau da safe." Na bakwai fari tas.

"Dogo, zo ka ga shirmen da abin nan ya yi min," ta ce. "Wai yayana ne bai yarda da shi ba."

Dogo ya turo kujerarsa da ƙafa, kofin shayi a hannu. "Ke ce kika tsananta binciken. Buɗe rajistar mu gani."

Ta buɗe. Manhajar hira awa da minti kawai take nuna wa mutane, amma rajistar ɗan aike har sakan take riƙewa. Saƙon yau ya shigo shida da minti arba'in da ɗaya da sakan bakwai. Na jiya, shida da minti hamsin da biyar da sakan bakwai. Na shekaranjiya, shida da minti talatin da takwas da sakan bakwai. Ta riƙa jan shafin sama, mintunan suna ta tsalle yadda suka ga dama, amma bakwai ɗin nan tana tsaye a gefe, layi bayan layi, sambal kamar an ɗaura zare.

"Kai," in ji Dogo, ya ajiye kofin. "Wannan ai ba hannu ba ne. Wanda ya haɗa shi ya yi dabarar rikita minti don kada a gane, sai ya manta sakan. Ɗan koyo ne."

"Ba ɗan koyo ba ne," Auta ta ce, muryarta ta fita ƙasa-ƙasa. "Mai garaje ne."

Ta ci gaba da ja har ta kai inda zaren ya tsinke. Wata goma sha huɗu baya, wata Talata. Daga nan zuwa sama sakan ɗin a warwatse suke kamar na kowa, sha biyu, hamsin da ɗaya, talatin. Akwai kuskuren rubutu, akwai ranar da ya makara har tara, akwai ranar da bai rubuto ba sam. Daga wannan Talatar zuwa yau bai makara ko sau ɗaya ba, bai yi kuskuren harafi ko ɗaya da bai taɓa yi a baya ba. Duk gaisuwar da ya yi tun daga ranar, tsohuwar gaisuwarsa ce aka ɗauko daga saman zauren aka sake turowa.

Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ke fara wa mutum daga tafin ƙafa. Ta ɗauki waya ta rubuta masa shi kaɗai: "Yaya, wane harafi ne ya ɓalle a tsohuwar kwamfutarmu?" Ta zuba wa agogon allon ido. Sakan hamsin da takwas, hamsin da tara, sabon minti ya shiga, ɗaya, biyu, har bakwai. Wayar ta yi ƙara.

"Auta kenan! Aiki ya yi min yawa yanzu, zan kira ki anjima."

Ta sa ɗan aike ya nemo mata jimlar a cikin tsofaffin hirarsu. Sau ashirin da shida ya faɗa mata haka cikin wata goma sha huɗu, da alamar motsin rai iri ɗaya, kuma sau ashirin da shida ta ja tsaki ta kife wayar. Kunya ta zo ta zauna a kan tsoron.

Akwai wani wuri a rajistar da ya fi komai tayar mata da tsikar jiki. Wata takwas da suka wuce Inna ta rubuta a zauren: "Baba mai gadi ya rasu jiya da yamma." Tsohon da ke gadin layinsu ne tun suna yara, wanda Yaya ke zama wajensa suna sauraron ƙwallo a rediyo. Amsar Yaya ta zo washegari da safe: "Madalla Inna, haka nake son ji. Allah ya ƙara lafiya." Bayan kwana shida kuma: "A gaishe min da Baba mai gadi." A ƙasa ga amsar Inna, kalma biyu: "Zai ji." Bayan mako guda ya sake cewa a gaishe shi, ta sake cewa zai ji. Haka suka yi ta yi har makon jiya, shi yana aika gaisuwa ga mutumin da ke cikin ƙasa, ita tana karɓa.

Auta ba ta nemi izinin Manajan ofishinsu ba. Ta ɗauki jaka ta sauka, ta wuce fankokin kantin ƙasa da ke ta juya kai a banza, ta hau motar haya zuwa tsohuwar unguwarsu.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana kwashe shanya, rana ta ɗan karkata. Suka gaisa sama-sama. Inna ta kalle ta ta saman tabarau, ta ce, "Ran aiki da rana tsaka? Ko an kore ki ne?"

"Mabuɗin ɗakin Yaya nake so."

Inna ta ninke zanin da ke hannunta gida huɗu, ta sake ninkewa. "A buɗe yake," ta ce.

Auta ta ɗauka za ta tarar da ƙura da warin rufi. Ɗakin a share yake, labule a ɗage, katifa a jingine da bango, takalmansa na ƙwallo a jere a ƙarƙashin tebur. A kan teburin akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce girman sabulu ba, haɗe da batir da na'urar intanet ɗin gidan. Ranar da zai tafi ya ce ko gobara ake kada a zare ta, ajiyarsa ce a ciki, yana shiga daga duk inda yake. Auta ta san da ita, ta dai manta ne, kamar yadda ake manta agogon bango. Wata 'yar koriyar wuta ce a gabanta, a kunne, ba ta motsi. Abin da Auta ba ta sani ba shi ne kujerar roba da ke gaban teburin, da ƙaramin matashin kai da Inna ke tokare gwiwa da shi.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta rubuta: "Yaya, kana ina?" Ta tura. Koriyar wutar ta ƙifta sau ɗaya. Auta ta riƙe numfashi tana ƙirga. Da sakan bakwai ta cika, wutar ta sake ƙiftawa sau biyu, wayar da ke hannunta ta yi ƙara a lokaci guda.

"Lafiya lau nake, kada ku damu. Layi ne ba kyau a nan."

Shekara da wata biyu tana zaton daga bayan teku yake amsa musu. Ashe daga nan ne, taku goma daga inda Inna ke kwana.

"Haka take yi," Inna ta ce daga bakin ƙofa. "In na rubuta ta ƙifta ɗaya, in zai amsa ta ƙifta biyu."

Auta ta juya. "Inna, kin sani?"

"Ni na haife shi." Inna ta shigo tana ɗingisawa ta zauna a kujerar, ta gyara matashin. "Yaron da na ce masa Baba mai gadi ya rasu ya ce min madalla? Da shi ne, da ko a ƙarƙashin ruwa yake sai ya nemi hanyar da zai kira ni mu yi kuka. Ranar na zo share ɗakin nan da waya a hannu, na gani."

"Wata takwas, Inna! Ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki yi me? Ki gyara? Ke ai tun kina ƙarama komai kika gani sai kin kwance shi kin ga abin da ke ciki. Rediyona biyu kika kashe min."

Auta ta durƙusa a gabanta, ta buɗe kwamfutarta a kan cinya, ta nuna mata katin. Ta yi mata bayani da sauri, maganar tana cin karo da juna: Yaya ne ya haɗa wannan da hannunsa, babu tantama, aikinsa ne har da mantuwar. Kuma shi ba ya haɗa abu bai bar masa kalmar tsayawa ba. In aka rubuta kalmar, injin zai tsaya, kuma ta san halinsa, ba zai rasa barin wani saƙo a bayanta ba. Wataƙila ya faɗi inda yake. Wataƙila yana kulle a wani wuri, ko yana kwance, yana jiran a neme shi.

"Kin san kalmar?" Inna ta tambaya.

"Na sani."

"In kin faɗa, gobe da safe zai gaishe ni?"

Auta ta ce, "A'a. In ya tsaya ya tsaya ke nan."

Inna ta sa yatsa a kan allon, daidai gurbin da ke fari. "Nan da ba a rubuta komai ba, me ke nan? Ya mutu?"

"A'a, Inna. Ba eh ba ne, ba a'a ba ne. Yana nufin ba a sani ba."

"To ai ni a nan nake zaune," in ji Inna. "Wata takwas a nan nake kwana, a nan nake tashi, kuma bai matse ni ba. Ki neme shi ta duk inda kika ga dama. Ki rubuta wa kamfanoninsu, ki je ofishin da ake zuwa, in ƙafa ake so ni ma zan bi ki da gwiwar nan. Amma ba ta bakin nan ba. Wannan ki bar min."

"Inna, inji ne fa. Ba shi ba ne."

"Maganarsa ce ko ba maganarsa ba ce?"

"Tasa ce, amma tsohuwa."

"Ni ma tsohuwar ce." Inna ta kamo hannunta ta matse, hannun nan mai sanyi da ƙamshin sabulun wanki. "Ki yi min alkawari, Auta."

Ta yi mata. Ba don ta yarda ba, sai don ba ta taɓa ganin idon Innarta da roƙo a ciki ba, kuma ba ta son sake gani. Suka zauna a ɗakin har inuwa ta cinye tsakar gida, koriyar wutar tana kallonsu.

Washegari Auta ta farka tun kafin shida da rabi, ta zauna a bakin gado da waya. Shida da minti hamsin da biyu da sakan bakwai saƙon ya shigo. "Inna barka da asuba. Ya gwiwar? Kada ki riƙa ɗaukar bokiti da kanki. Auta, ki daina makara." Karon farko cikin shekara guda ta karanta har ƙarshe, ta sake karantawa. Ta ji muryarsa a ciki ƙarara, har da yadda yake jan sunanta. Bayan minti tara amsar Inna ta zo: "Da sauƙi. Allah ya yi maka albarka." Auta ta ɗora yatsa a kan hoton babban yatsan, sai ta fasa, ta rubuta, "Na ji, Yaya."

A ofis ta fara jera sunayen kamfanonin da ta iya tunawa ya ambata, tana neman adireshinsu. Ta kai na huɗu Manaja ya leƙo ya ce mai kantin magani na zuwa ƙarfe biyu, yana son ganin abinsa yana aiki. Bai tambaye ta inda ta shiga jiya ba, fuskarta ta ishe shi amsa.

"Katin nan mai gurbi fari yana hana rahoton fita," in ji Dogo a hankali, ba tsokana yau. "Ko ki cika shi da hannu, ko ki fitar da ɗan aiken daga zauren gidanku mu gwada a wani wuri."

"Ba zan cika ba," ta ce. "Fitar da shi zan yi. Dama ba shi da abin yi a gidanmu."

Har ranta ta ji sauƙi da ta faɗi haka. Za ta kwashe kayanta daga zauren, ta bar wa Inna wurinta kamar yadda ta same shi, ba wanda zai ƙara ƙirga wa Yaya sakan. Ta rubuta umarnin kashewa, abin da ta yi sau dubu ba tare da tunani ba, ta danna. Yatsanta bai gama tasowa daga kan maɓallin ba ta tuna.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. A zauren mutum uku, ƙarƙashin albarkar Inna da "Na ji, Yaya," ɗan aikenta ya yi sallamarsa kamar yadda ta koya masa.

"An tashi."

Agogon allon ya nuna sha ɗaya da minti ashirin da sakan arba'in da ɗaya. Ta wawuri wayar, ta danne saƙon ta goge shi ga kowa. Ya ɓace, amma kafin ya ɓace ta ga alamar an karanta. Ta ce wa kanta ai ba ita ta faɗa ba, inji ne ya faɗa, kuma duk mai hankali yana sa manhajarsa ta duba ko mai maganar mutum ne kafin ta saurare shi. Sai ta tuna wanda ya rubuta waccan manhajar, da abin da yake cewa a kan gurbi na bakwai. Ta danna lambar Inna don ta ce mata ta zare wayar wutar, ta katse kafin ta shiga, don ko ta ɗauka ba za ta zare ba. Hamsin da takwas. Hamsin da tara. Dogo yana tambayarta lafiya, ba ta ji shi ba. A can gida, a ɗakin da aka share, ta san wutar ta riga ta ƙifta ɗaya.

Sakan bakwai ta cika. Saƙon dogo ne, kuma ba ya cikin tsofaffin. A zauren ya sauka, inda aka faɗi kalmar, don mai garajen bai tuna ya ce a kai wa Auta ita kaɗai ba.

"Auta kenan. Na san ke za ki kama ni, wa ya koya miki in ba ni ba. Daga asibiti nake rubuta wannan. Sun ga wani abu a cikin kaina, gobe da safe za su yi min aiki, likitan ya ce rabi da rabi ne. Ba na son Inna ta kwana da wannan a ranta tana nesa, shi ya sa na haɗa ɗan aike ya riƙe min gaisuwa na kwana uku ko huɗu. In na farka zan kashe shi da hannuna in goge wannan, ba wanda zai sani, in dawo in ba ku labari muna dariya. In kuwa har kina karantawa, to ban farka ba. Kada ki nuna wa Inna wannan. Ki je gida ki zauna kusa da ita, ki faɗa mata da bakinki, a hankali. Harafin da ya ɓalle ma ni na ɓalle shi, ba ke ba, ki yafe min dukan da kika sha. Ki gaishe min da Inna."

Auta ta karanta a tsaye, ba ta san lokacin da ta miƙe ba. A ƙasan saƙon alamar karantawa ta nuna mutum biyu sun gani.

Sannan a saman zauren rubutun nan ƙarami ya fito: Inna tana rubutu. Ya ɓace. Ya dawo. Auta ta riƙe wayar da hannu biyu, tana ganin tabarau ɗin a kan hanci, da yatsa ɗayan nan yana neman haruffa, da kujerar roba a gaban wutar da ba za ta ƙara ƙiftawa ba. Dogo ya tashi ya kashe fanka, shi ma bai san dalili ba. Minti goma sha ɗaya Inna ta yi tana rubutu, abin da ya shigo kuma kalma biyu ne.

"Ta ji."